Ɗalibi Ne Ko Ma'aikaci: Tarihin Kafuwar Hukumar NCAA

Ranar Asabar, 25 ga Nuwamba 1905, 'yan wasan Kwalejin Union suka je birnin New York buga ƙwallon zari-rugar Amurka da Jami'ar New York. Ana tsaka da wasa wani ɗalibin Union mai suna Harold Moore ya duƙa zai tare mai gudu da ƙwallo, aka rufta a kansa, da aka watse sai aka gan shi kwance ba ya motsi. Jini ne ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, kuma a daren nan ya cika a asibiti. Shi ɗaya ne daga cikin aƙalla mutum 18 da wasan ya kashe a Amurka a wannan shekarar.

Shugaban Jami'ar New York, Henry MacCracken, abin ya tsaya masa a rai, domin a filin makarantarsa aka yi. Ya buga wa Charles Eliot, shugaban Harvard, waya yana roƙonsa ya kira taron shugabannin jami'o'i, Eliot ya ƙi. Sai MacCracken ya kira da kansa. A farkon Disamba wakilan makarantu 13 suka zauna a kan tambaya ɗaya: a soke wasan ne ko a gyara shi? Masu son gyara suka rinjaya. Ranar 28 ga watan aka sake taro, wannan karon da makarantu 62, aka kafa ƙungiyar da za ta kula da wasannin jami'o'i. An tabbatar da tsarin mulkinta ranar 31 ga Maris 1906, aka ba Kyaftin Palmer Pierce na makarantar sojoji ta West Point shugabanci, kuma a 1910 ta ɗauki sunan da aka san ta da shi har yau, NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa.

Mai karatu da ya saba da tsarin Turai, inda kulob ke rainon yaro tun yana ƙarami, zai yi mamakin me ya haɗa jami'a da wannan hidima. A Amurka jami'a ce hanyar. Matashin da ke son zama ƙwararre a zari-ruga ko ƙwallon kwando ta makaranta yake bi, kuma filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 107,000. Abin ya samo asali ne daga tseren kwale-kwale da Harvard da Yale suka yi a tafkin Winnipesaukee a watan Agustan 1852, gasar farko tsakanin jami'o'in ƙasar. Wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyin tafiyar ɗaliban da masaukinsu, saboda yana so jama'a su hau jirginsa zuwa kallo. Tun ran gini ran zane. Kuɗin ɗan kasuwa na cikin wasan jami'a tun ranar da aka haife shi. A 1869 Rutgers da Princeton suka buga wasan ƙwallo na farko, kowane ɓangare da mutum 25, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ana tara dubban 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa. Da ɗalibai ne ke shirya wa kansu komai. Da kuɗi ya yi yawa sai tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni suka shigo, shugabannin jami'o'i kuma suka gane cewa ƙungiya mai cin nasara tana jawo wa makaranta suna da sababbin ɗalibai fiye da ɗakin karatu.

Aƙidar da aka jingina duk wannan a kanta daga Ingila aka aro ta. A can 'ya'yan masu sarauta da dukiyar gado da ke Oxford da Cambridge sun riƙi cewa mutumin kirki don sha'awa yake wasa, wanda ya karɓi lada kuwa ya zubar da girmansa. Kada a ɗauka tsantsar ɗabi'a ce ta haifi wannan magana. Dokokin tseren kwale-kwale na Henley a ƙarshen ƙarni na 19 sun fito fili sun hana makaniki da mai sana'ar hannu da lebura shiga sahun masu wasan sha'awa, ko da kuwa bai taɓa karɓar ko sisi a kan wasa ba. Katanga ce aka gina don kada ɗan talaka mai ƙarfin damtse ya kunyata ɗan masu gida. Amurkawa suka ɗauko kalmar, amma ba su ɗauko dukiyar gadon da ke riƙe da ita ba. Suna son nasara, kuma ƙartin da ke kawo nasara galibi 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne da mahaƙa kwal, waɗanda ba su da halin biyan kuɗin makaranta.

Sai aka koma biya ta bayan gida. A 1905 mujallar McClure's ta tona asirin yadda Yale ke riƙe da kyaftin ɗinta James Hogan. Ba ya biyan kuɗin makaranta, an ba shi ɗakuna a ginin Vanderbilt, wanda ya fi kowane masaukin ɗalibai tsada, kamfanin taba yana ba shi kamasho a kan sigarin da aka sayar a garin New Haven, kuma bayan kakar wasa an kai shi hutun kwana goma a Kyuba. A takarda Hogan mai wasan sha'awa ne. Kafin shi, a 1896, Fielding Yost ya bar Jami'ar West Virginia ya shiga Kwalejin Lafayette, ya taya ta doke Pennsylvania, sannan ya tattara kayansa ya koma inda ya fito. Ita kuwa Harvard a 1905 ta ɗauki koci, Bill Reid, a kan dala 7,000 a shekara, albashin da ya fi na manyan farfesoshinta.

Saboda haka cuta biyu ce ke damun wasan lokacin da aka zauna a New York: gawarwaki a fili da kuɗi a ƙarƙashin tabarma. Ta farko ce ta tayar da hankalin jama'a. Salon wasan lokacin shi ne a dunƙule mutum goma wuri guda a tura su kan mutum ɗaya, babu hular kwano, babu abin kariya na kirki. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda ke ƙaunar wasan kuma ɗansa ke buga shi a Harvard, ya riga ya tara wakilan Harvard da Yale da Princeton a fadar White House ranar 9 ga Oktoba 1905 ya ja musu kunne. Columbia ta soke wasan baki ɗaya. Stanford da Jami'ar Kalifoniya suka koma zari-ruga irin ta Ingila. Sababbin dokokin 1906 suka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, suka kuma ƙara tazarar da ake bukatar a ci daga yadi biyar zuwa goma, don a buɗe wasan a rage cunkoso. Walter Camp na Yale ya so a faɗaɗa filin ne, amma Harvard ta riga ta zuba kankare ta gina filinta a 1903, babu damar matsawa. Ginin makaranta ɗaya ya yanke wa wasan ƙasa baki ɗaya makoma.

A nan hukumar ta yi abin kirki, kuma ya kamata a faɗa. Mace-mace ba su tsaya nan take ba, sai da aka ƙara gyara dokoki a 1910, amma an kama hanya. A kan batun kuɗi kuwa ba ta da haƙori. Ƙa'idar da aka kafa ta a kai ita ce kowace makaranta ta tsare gidanta. Taron shekara ake yi, a yi jawabai a kan mutuncin wasan sha'awa, kowa ya koma ya ci gaba da abin da yake yi. Sannu a hankali ta fara shirya gasa: ta guje-guje da tsalle-tsalle a Chicago a 1921, sai ta ƙwallon kwando a 1939 da ƙungiyoyi takwas, wadda Oregon ta ci, masu shiryawa kuma suka tashi da asara. A watan Oktoban 1929 Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoton binciken da Howard Savage ya jagoranta a makarantu sama da ɗari, ya nuna cewa ƙalilan ne ba sa biyan 'yan wasa ta wata hanya, ko ta aikin bogi, ko ta asusun ɓoye na tsofaffin ɗalibai. Rahoton ya fito a makon da kasuwar hannun jari ta ruguje, hankalin ƙasa ya koma can.

Mutum ɗaya ya ɗauki maganar da gaske. Robert Hutchins, shugaban Jami'ar Chicago, ya soke zari-ruga a 1939, a makarantar da Amos Alonzo Stagg ya shafe shekara 40 yana horar da zakaru. A ganinsa jami'a ba za ta iya riƙe karatu da wannan kasuwa a hannu ɗaya ba.  Manyan makarantu ba su bi sahun Hutchins ba. Jami'o'in kudu maso gabas ma tun 1935 suka ce sun gaji da ɓoye-ɓoye, za su riƙa ba ɗan wasa tallafin karatu a fili.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu NCAA ta gwada ƙarfinta a karon farko. A 1948 ta kafa doka cewa ba za a ba ɗalibi tallafi don iya wasansa ba, sai don bukata ko ƙoƙarin karatu, kuma hukuncin mai karya ta kora ce daga hukumar. Makarantu bakwai, ciki har da Virginia da Maryland da Kwalejin Boston, suka ce ba za su bi ba. A taron 1950 aka kaɗa ƙuri'ar korarsu, 111 suka amince, 93 suka ƙi, ba a kai kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Shekara guda bayan haka aka soke dokar.

Daga wannan kunya ce hukumar ta zama abin da ta zama. A 1951 aka ɗauki wani tsohon ɗan jarida mai shekara 29, Walter Byers, a matsayin babban darakta na farko, ya kai ofis Kansas City, ya riƙe kujerar har shekara 36. Dama biyu suka faɗo masa. A shekarar da ya hau aka kama 'yan ƙwallon kwando a makarantu da dama suna karɓar kuɗin 'yan caca don su rage yawan cin da za su yi, cikinsu har da na Kentucky, gagarar ƙasa. Byers ya shawo kan sauran makarantu suka ƙaurace mata, Kentucky ta zauna kakar 1952 zuwa 1953 ba ta buga ba. Daga ranar kowa ya san hukumar ta yi haƙori. Dama ta biyu talabijin ce. Makarantu na tsoron idan aka nuna wasa a gida filaye za su zama wayam, sai suka miƙa wa NCAA ikon sayar da wasannin a dunƙule, duk da ƙorafin Pennsylvania da Notre Dame da ke son cin gashin kansu. A 1952 tashar NBC ta biya dala miliyan 1.14. Bulala ta shiga hannu ɗaya, jakar kuɗi ta shiga ɗayan.

A 1956 hukumar ta halatta abin da ta yi shekara 50 tana kira haram: a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai saboda wasa kawai, a ƙara masa dala 15 a wata na wanki. Ma'anar wasan sha'awa ta sauya. Da shi ne wanda ba ya karɓar komai, yanzu shi ne wanda ba ya karɓar fiye da abin da hukumar ta yanka. To amma idan makaranta tana ba mutum abu mai daraja don ya yi mata aikin da ke kawo kuɗin ƙofa, ina bambancinsa da ma'aikaci? Kotuna sun fara tambaya. A 1953 Kotun Ƙolin jihar Colorado ta ce Ernest Nemeth, wanda ya ji rauni a atisayen Jami'ar Denver, ma'aikaci ne, ya cancanci diyya.

Shekara biyu bayan haka Ray Dennison, tsohon soja, magidanci mai 'ya'ya uku, yana buga wa Kwalejin Fort Lewis a jihar ta Colorado, gwiwar abokin hamayya ta same shi a ka, ƙoƙon kansa ya fashe, ya rasu. Matarsa Billie ta nemi diyyar da doka ke ba iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. A 1957 kotun nan dai ta hana ta, ta ce kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A tsakanin waɗannan shari'o'i ne Byers da lauyoyinsa suka ƙera kalmar da ta zama garkuwar hukumar, "ɗalibi ɗan wasa", suka cusa ta a kowace doka da kowace takarda, suka umarci masu hulɗa da 'yan jarida su daina faɗin "kulob". Byers da kansa ya bayyana dalilin ƙirƙirar ta a littafin da ya fitar a 1995, bayan ya yi ritaya ya juya wa tsarin da ya gina baya. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ci mini rai a tarihin nan. Hukumar da mutuwar Harold Moore ta haifa, da ta yi ƙarfi sai ta koma neman kalmar da za ta tsare makarantu daga matar Ray Dennison. Kent Waldrep na Jami'ar TCU, wanda wuyansa ya karye a wasa da Alabama a 1974 ya ƙare a keken guragu, ya bi kotuna har zuwa shekarar 2000, ita ce kalmar da ta kayar da shi.

Daga nan sai faɗaɗa. A 1973 aka raba makarantu rukuni uku gwargwadon ƙarfinsu, kuma a shekarar aka mai da tallafin karatu na shekara ɗaya-ɗaya, koci ya sabunta in ya ga dama. Wanda karatunsa ke rataye a hannun koci ya san wa zai fara yi wa biyayya idan lokacin atisaye ya ci karo da lokacin aji. Ba a jima ba aka janye ko dala 15 ɗin wanki. Dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati ta buɗe wa mata ƙofa. NCAA ta fara da yaƙar a shafa dokar a kan wasanni, da ta ga ba makawa sai ta shirya gasar mata a 1981, ƙungiyar AIAW da mata malamai suka kafa suke tafiyarwa da kansu ta durƙushe. Launin 'yan wasa ma ya sauya. A 1966 Texas Western ta fara wasan ƙarshe da baƙaƙen fata biyar ta doke Kentucky, wadda duk 'yan wasanta farare ne, da ci 72 da 65. Cikin 'yan shekaru baƙaƙen fata, da yawansu daga gidajen talakawa, suka zama ƙashin bayan wasanni biyun da ke kawo kuɗi, masu horarwa da masu mulki kuwa galibi farare.

A 1984 jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai hukumar har Kotun Ƙoli a kan talabijin, alƙalai bakwai cikin tara suka ce riƙon da take yi babakere ne a kasuwa. Byron White, wanda shi kansa tsohon tauraron zari-ruga ne a Colorado, yana cikin biyun da suka ƙi, yana tsoron kasuwa za ta cinye karatu. Kuɗin zari-ruga ya fice daga hannun NCAA ya koma hannun ƙawancen manyan makarantu. Abin da ya rage mata shi ne gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, kuma ita ta zama saniyar tatsa: a 2010 CBS da Turner suka saye ta a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, a 2016 aka ƙara biliyan 8.8 zuwa 2032. A cikin hukuncin na 1984 alƙali John Paul Stevens ya ɗan taɓo, a gefen magana, cewa bai kamata a biya 'yan wasan jami'a ba. Hukumar ta rungumi wannan jimla ta yi kusan shekara 40 tana kare kanta da ita. Kowa aka sake shi ya yi ciniki, makaranta da koci da kamfanin takalma, ban da wanda ke karo da jikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zuwa 2023 koci Nick Saban na Alabama na ɗaukar sama da dala miliyan 11 a shekara, kuma a shekarar Texas A&M ta amince ta biya kocinta Jimbo Fisher sama da miliyan 75 don kawai ya ajiye aiki.

Amsar da hukumar ke bayarwa kullum ita ce ana biyan yaran da abin da ya fi kuɗi, wato ilimi. Ni na yarda ilimi ya fi kuɗi. Shi ya sa nake auna ta da wannan alkawarin. A 1989 Dexter Manley, wanda ya ci kofin ƙwararru na Super Bowl sau biyu da ƙungiyar Washington, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa, cikin hawaye ya shaida cewa ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma bai iya karatu ba. Ƙato ne da duk ƙasa ta san sunansa, sai da ya haura shekara 25 ya koma makarantar dare ya koyi haɗa baƙi. Shekara huɗu ana ɗaukar sunansa a rajista, ana ba shi makin da zai bari ya fita fili ranar Asabar. A 1983 hukumar ta sa mafi ƙarancin makin shiga, a 1991 ta ce kada wasa ya ci wa ɗalibi fiye da awa 20 a mako, amma binciken da ita kanta take yi ya sha nuna cewa 'yan zari-rugar manyan makarantu na kashe kusan awa 40. A 2014 wani bincike ya gano cewa a Jami'ar North Carolina an shekara 18 ana gudanar da darussan da babu malami babu zaman aji, ɗalibi ya kawo rubutu ɗaya wata ma'aikaciyar ofis ta ba shi maki mai kyau. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. A 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta jami'ar ba, tun da waɗanda ba 'yan wasa ba ma sun amfana, kuma ingancin darasi ba huruminta ba ne. Hukumar nan ce ta soke wa Jami'ar SMU kakar 1987 gaba ɗaya saboda an ba 'yan wasa kuɗi, ita ce kuma hukuncinta ya sa ɗan zari-ruga Reggie Bush ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon shekara a 2010 saboda abin da shi da iyayensa suka karɓa. Aljihun ɗalibi tana da masu gadinsa dare da rana. Ajinsa kuwa ta ce wannan tsakaninsa da makarantarsa ne.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Makarantu kusan 1,100 ne a hukumar, da 'yan wasa sama da 500,000, kuma mafi yawansu ba su taɓa shiga talabijin ba. A rukuni na uku, wanda ya fi kowanne yawan makarantu, ba a ba da tallafin wasa sam, ɗalibi na fitowa daga ɗakin gwaji ya sa takalmin gudu. Dubban mutane sun samu digirin da iyayensu ba za su iya biya ba, har da 'yan Najeriya. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston a 1980. Blessing Okagbare da Tobi Amusan a Jami'ar Texas da ke El Paso suka zama zakaru, Divine Oduduru kuma ya cinye tseren mita 100 da 200 na NCAA a 2019 yana Texas Tech. Kuɗin da 'yan zari-ruga da 'yan kwando ke kawowa shi ke ɗaukar nauyin irin waɗannan wasanni, kuma hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu kare tsohon tsari ke nan. Sai dai tallafin da ake yi da gumin wanda ba a shawarce shi ba yana da wuyar karewa a gaban alƙali.

Ed O'Bannon ya ci wa UCLA kofin ƙasa a 1995. Bayan shekaru yana sayar da motoci kusa da Las Vegas, sai ya je gidan abokinsa ya tarar da yaro yana wasan bidiyo na kamfanin EA Sports. A kan allo ga wani ɗan wasan UCLA mai tsayinsa, mai sanƙonsa, bahago kamarsa, da lamba 31 a riga. Babu wanda ya nemi izininsa, babu wanda ya ba shi ko kwabo. A 2009 ya shigar da ƙara, a 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta ce dokokin hukumar sun saɓa wa dokar hana babakere. Daga nan katangar ta fara zubewa. Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta ba ɗalibi damar cin moriyar sunansa da hotonsa, wasu jihohi suka bi. Ranar 21 ga Yuni 2021 dukkan alƙalan Kotun Ƙoli tara suka kayar da NCAA a shari'ar Alston, alƙali Brett Kavanaugh kuma ya rubuta cewa a kusan kowace sana'a a Amurka irin wannan haɗa baki a hana ma'aikaci lada laifi ne ƙarara. Kwana goma bayan haka hukumar ta janye hannu, ɗalibai suka fara karɓar kuɗin talla.

Ranar 6 ga Yuni 2025 alƙaliya Wilken ta amince da sulhu a ƙarar da ke ɗauke da sunan Grant House, ɗan ninƙaya daga Jami'ar Jihar Arizona. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kuma kowace babbar makaranta na iya raba wa 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sa ido a kan wannan rabo ma an ba wata sabuwar hukuma da manyan ƙawance suka kafa. Ɗaliban ƙasashen waje, ciki har da namu, sun samu kansu a tsaka mai wuya, domin bizar karatu ta taƙaita musu neman kuɗi a cikin Amurka. Sulhun bai kira kowa ma'aikaci ba, kuma shugaban NCAA Charlie Baker, tsohon gwamnan Massachusetts, ya yi ta safa da marwa a majalisa yana neman dokar da za ta hana a kira su hakan.

Na ji daɗin cewa kuɗin ya fara isa hannun masu shi. Damuwata ita ce a duk shari'o'in nan babu wadda ta shafi lokacin karatun ɗalibi, kuma neman kuɗin da za a raba ya ƙara matse shi. A 2024 ƙawancen makarantun yammacin ƙasar, mai tarihin sama da shekara ɗari, ya wargaje saboda kwangilar talabijin. UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma ƙawancen Big Ten na tsakiyar ƙasa. Stanford da Jami'ar Kalifoniya, biyun da suka ajiye wasan a 1906 don tsare ɗalibansu, suka shiga ƙawancen gaɓar tekun Atlantika. Ɗalibarsu mai buga ƙwallon raga, wadda rabonta a sabon kuɗin bai taka kara ya karya ba, yanzu tana iya tafiyar sama da kilomita 4,000 zuwa Boston don wasa ɗaya a tsakiyar zangon karatu, ta dawo ta tarar an wuce ta a aji.